Ƙafar Auta

Zuwa ga ƙanwata Likita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da aiki. Mu nan da sauƙi, sai dai kunnena da ya ƙara nauyi, har waya ta zama mini kayan ado. Shi ya sa na koma ga biro da takarda.

Wataƙila sai kin yi tunani kafin ki tuna ni. Ni ne Akawu, wanda ya yi aikin kotu. Kakana da kakanki na wajen uwa ciki ɗaya suka fito. Rabona da ke tun rasuwar mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. Na san ban kyauta ba, da sai buƙata ta taso na neme ki.

Autata ce, wadda take koyarwa a firamare, mai 'ya'ya biyu. Wani ƙullutu ya fito mata a cinyar hagu, mai tauri da zafi. Aka kai ta babban asibitinmu, aka yanko ɗan nama aka kai gwaji. Sakamako ya ce ciwon daji ne na ƙashi. Likitan tiyata ya ce za a cire ƙafar daga sama a ƙarshen watan nan, kafin abin ya hau huhu. Wani babban Farfesa ne ya sa hannu a sakamakon, za ki ga sunansa a takardun da na haɗo.

Mijinta ne ya tuna mini cewa muna da 'yar uwa mai wannan aiki. Na yi ta zirga-zirga har suka ba ni aron gilasai biyu da aka ɗora naman a kai. Ga su nan cikin kwalin sabulu, na naɗe da auduga.

Ba gardama nake nema ba. So nake wani namu ya duba ya ce haka ne, ko na iya kallon fuskarta ranar.

Yayanki,
Akawu

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Yara sun girma sun watse, gwiwata ta fara yi mini tsiya a matakalar asibiti, aiki kuma yana nan yadda ka san shi, wato ba ka san shi ba, don a dangi babu wanda ya taɓa tambayata. Na tuna ka sarai. Kai ne ka ce a gidan rasuwa, da ƙarfi irin na mai nauyin kunne, "Wannan ce likitar da ba ta duba marar lafiya?" Ita ce. Rabin rayuwata na yi a ɗakin da ke ƙarshen baranda, bayan wurin wankin zannuwa, ina leƙa naman mutane ta madubi mai ƙara girman abu, ina gaya wa masu wuƙa inda za su yanka da inda za su tsaya. Sauran lokacin ina koyar da ɗaliban da ke ganin ɗakina wurin horo ne.

Gilasanka sun iso lafiya, suna ƙamshin sabulu. Na duba, na ajiye, na zaga baranda, na dawo na sake dubawa.

Ga abin da na gani. Tsakiyar naman abin tsoro ne: ƙwayoyi a cunkushe, suna ta hayayyafa, ga ɗanyen ƙashi a tsakaninsu. Wanda ya kalli nan kaɗai ya ce daji ne, ba zan kira shi jahili ba. Amma a gilashi na biyu, can gefe, akwai ɗan guntun da bai kai ƙwayar shinkafa ba, inda ƙashin ya jeru tsaf kamar aikin magini mai haƙuri. Daji ba ya gini da tsari, zuba yake yi ya wuce.

Akwai wani shirme da jiki kan yi. Tsoka ta bugu, wajen warkewa sai ta rikice ta fara yin ƙashi. Wannan ƙullutun daga waje yake taurarewa, kamar ƙwai: ɓawo a waje, laushi a ciki. In an yi gaggawar yanko nama daga tsakiyarsa, kamanninsa da daji ɗaya ne. An sha cire ƙafafu a kan wannan. Na karanta labaransu a mujallun aikinmu, na wancan ƙarnin da na wannan, kuma duk marubutan da kalmomi iri ɗaya suke rufewa: "abin takaici." Takaicin marubuci bai taɓa mayar wa kowa ƙafa ba.

Don haka ban yarda da sakamakon nan ba. Ban ce ba daji ba ne. Na ce abin da ke kan gilashin bai isa a cire wa mutum ƙafa ba. Abu biyu nake so: shin ta bugu a wurin kafin ƙullutun ya fito? Kuma ina hoton ƙashin? Likitan tiyatarku da ya aika naman gwaji, "ƙullutun cinya" kawai ya rubuta, kamar mai aika yaro kasuwa.

Farfesan nan malamina ne. Shi ya koya mini riƙe madubi, kuma daga bakinsa na ji cewa mai karanta gilashin ƙashi ba tare da hoto a gabansa ba, makaho ne mai tabarau. Amma na san yadda yake aiki yanzu: a tsaye yake sa hannu, jaka a hammata, direba na jira. A sana'armu akwai ladabi. Ba ka rubuta saɓanin na gaba da kai. Kiransa kake yi a keɓe ka ce, "Ranka ya daɗe, ko za a sake leƙawa?" Ya gyara da hannunsa, kowa ya tashi da mutuncinsa. Haka zan yi da zarar amsarka ta zo. Takarduna na neman zama farfesa ma suna kan teburinsa yanzu haka, shi aka ba ya auna su, ka ga dole in taka a hankali.

Kafin nan, kada a taɓa ƙafar.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata Likita,

Alhamdulillahi! Muna lafiya, lafiyar da muka daɗe ba mu ji irinta ba. Allah ya sassauta miki gwiwa.

A tsakar gida na karanta wasiƙarki da ƙarfi. Da na kai inda kika ce ba ki yarda da sakamakon ba, uwar Auta ta zube ƙasa tana kuka. Na sanar da dangi cewa ba daji ba ne, mutane sai shigowa barka suke. Mun ɗauko Auta daga asibiti, tana ɗakin uwarta.

Maganar buguwa, ƙwarai. Kamar wata guda kafin kumburin, ana gyaran aji, benci ya kife mata a cinya. Ba wanda ya tambaye mu, mu kuma ba mu ga abin faɗa a ciki ba. Hoto an ɗauka tun farko, suka ce bai nuna abin kirki ba. Ga shi na haɗo.

Likitan tiyata ya so ya hana mu tafiya. Sai na zaro wasiƙarki na miƙa masa, don ni a kotu na koyi cewa hujja a rubuce ta fi ta baki. Ya karanta har ƙarshe, fuskarsa ta canja, ya ce zai kwafa ya kai wa Farfesa. Na ce bismillah.

Allah ya saka miki. Ashe Barkonon da ake ce miki tun kina ƙarama magani ne.

Yayanki,
Akawu

*

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice. Muna lafiya. Ina fatan kunnenka da sauƙi. Idonka ne yanzu nake shakka.

Shekara nawa ka yi a kotu kana rubuta maganar mutane? Haka kake yi, ka ɗauki rabin shaida ka tafi gida da ita? Ɗauko wasiƙata, ka karanta layin da ke biye da wanda ya sa matarka kuka. Na rubuta maka ɓaro-ɓaro cewa ban ce ba daji ba ne. In Farfesa ne da gaskiya, yau 'yarka tana kwance a ɗakin uwarta abin yana cin ta, ku kuna waje kuna amsa barka. Gobe da safe ka mayar da ita asibiti.

Sai wasiƙar da na rubuta wa ɗan uwana, ka mayar da ita takardar sammaci. Na kira Farfesa duk da haka. Bai bari na gama gaisuwa ba.

Ya ce, "Wa ke magana? Mai makaho da tabarau?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ajinka na ji ta."

"Rashin kunyar ma a ajina kika ji?"

"A'a, wannan da abata na zo."

Na gaya masa zancen benci. Ya ce duk mai ƙafa ya taɓa buguwa. Na roƙe shi ya ɗauko gilashi na biyu ya duba gefen. Ya ce ya fara duba gilashi tun ina yarinya ina ƙiriniya, kuma in yarinyar ta mutu saboda jinkiri, zai tabbatar kowa ya san sunan wadda ta jawo. Ya kashe wayarsa.

Washegari shugaban sashenmu ya shigo ɗakina, ya rufe ƙofa, ya zauna a kujerar da ke gefen kwalaben rinin da muke shafa wa nama, har rigarsa ta shafi ja bai sani ba. Mutumin kirki ne, irin kirkin da ba ya tare wa kowa rana. Ya ce, "Likita, layi biyu kawai. Ki rubuta cewa a matsayin 'yar uwa kika duba, hankali a tashe, ba a matsayin likita ba. Takardunki na hannun Farfesa."

Na ce, "Madubin nan ya san 'yan uwana ne?"

Ya ce, "Waɗanda kika koyar sun wuce ki. Har yaushe za ki jira kujerar farfesan nan?"

Nan ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Ina son kujerar nan, Yaya. Na yi mata aiki da idona da bayana, na rubuta abin da ya fi na waɗanda ke kanta. Amma in na rubuta layi biyun nan, ranar tiyata ta tsaya daram, kuma da birona aka tsayar da ita.

Tunda ka rushe mini hanyar ladabi, na bi ta ƙofar gaba. Na rubuta cikakken rahoto a takardar asibitinmu, da sa hannuna da hatimina. Ɗaya na aika wa likitan tiyata, ɗaya Farfesa, ga naka. Abin da ke ciki shi ne: hoton farko an ɗauke shi da wuri, ɓawon bai isa fitowa ba, amma ko a haka ƙullutun a cikin tsoka yake zaune, ban ga ya kama ƙashi ba. A jira 'yan makonni a sake hoto. In ɓawo ya zagaye shi, a bar mata ƙafarta. In babu ɓawo, ko ya ƙara girma, a yanke ba tare da an sake tambayata ba.

Kada ka sake karanta rabi: jiran nan yana da haɗari. In na yi kuskure, makonnin nan za su iya zama abin da ya kashe ta, kuma a wuyana yake. Na auna, na sa hannu. Wannan karon ba a tsakar gida za ka karanta ba. Ka ba Auta a hannunta, ta fi ku duka iya karatu.

Ƙanwarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau in ban da barcin da ya ƙaurace mini.

Wata ya mutu, wani ya tsaya, ban ji daga gare ka ba. Ranar tiyatar da aka sa ta wuce. Na kira wayarka ta yi ta kuka a cikin wani aljihu. Ba ni da lambar Auta, ba ni da ta mijinta, ka ga irin zumuncin namu.

In fushi kake don na yi maka tsawa, yi fushinka, amma ka rubuta. In kuma kunya ce, ta fi ba ni tsoro, don na san abin da zai sa ka ji ta.

Ka san duk abin da aka cire a ɗakin tiyata wurinmu ake kawo shi? Jiya aka kawo ƙafar wani tsoho mai ciwon suga, a naɗe cikin leda. Aikina ne, na yi shi ba adadi. Na tsaya ina kallon yatsun har mai yanka mana nama ya ce, "Likita, yau kuma gaisawa kuke?" Na ja ledar na fara aiki.

In an yanke ta Auta, ka gaya mini. Kuma ka ce su ajiye ƙullutun, kada su zubar. Ina so in gan shi a buɗe, in san ko ni ce na yi kuskure ko su. Ko wanne ne zan rubuta shi da sunana.

Takarduna sun dawo daga wurin Farfesa. Ya ce ban kai ba tukuna, akwai ƙarancin natsuwa a hukuncina. Ban faɗa maka don ka tausaya mini ba. Na faɗa ne don ka san ba abin da ya rage da za a tsorata ni da shi.

Ka rubuta.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata Likita,

Assalamu alaikum. Muna nan da rai. Kin canka, kunya ce.

Da na mayar da Auta asibiti, likitan tiyata ya kira ni da mijinta ofishinsa. Ya ajiye rahotonki da na Farfesa gefe da gefe, ya ce mu zaɓa: malami ko ɗaliba. Ya ce duk makon da ya wuce, abin yana iya isa huhu. Mijinta ya ce shi mata mai rai yake so, ko da ƙafa ɗaya. Ya sa hannu. Auta ta sa nata tana kuka. Ni ma na ce to. Aka sa sabuwar rana. Sau nawa na ɗauki biro in gaya miki, na kasa.

Ranar, an sa mata rigar tiyata, an turo gado har bakin ɗaki, sai ta ce ba ta hawa. Ta zaro rahotonki daga ƙarƙashin matashi, duk ya yamutse don karatu.

Ta ce, "Gwaggo ta ce a jira a sake hoto. Jiran dai an riga an yi shi ana ta gardama. A yi hoton. In babu ɓawo, ni da kaina zan hau."

Mijinta ya ce, "Gwaggon da ba ta taɓa ganinki ba?"

Ta ce, "Ta ga namana. Kai me ka gani?"

Likita ya zo ransa a ɓace, ya ce, "Malama, kin san mutum nawa ke jiran ɗakin nan?"

Ta ce, "Su shiga, na ba su layina."

Ni ban ji duk wannan ba, uwarta ce ta maimaita mini a kunne. Aka yi hoton. Likita ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "A kai wa 'yar uwarku." Ya sallame mu, bai sa wata rana ba. Ban san me hakan ke nufi ba, kuma na daina fassara. Ga hoton nan.

Maganar takardunki ta tsaya mini a rai, ni na jawo miki. Ki bar ni in je in durƙusa wa Farfesa, tsoho da tsoho. Ko ki rubuta masa ban haƙuri, ni in kai da ƙafata.

Yayanki,
Akawu

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, na yi barci.

Hoton ya iso. Tun ban zauna ba na ɗaga shi a taga, don fitilar duba hoto ta ɗakinmu ta mutu tun bara, ana ta zaman kwamiti a kanta. Ɓawo ne, Yaya. Fari tas, ya zagaye ƙullutun ya rufe ruf, tsakiya da duhu, ga rata tsakaninsa da ƙashin cinya wadda ko kai za ka gani. Na aika aka kira mini ɗalibai, suka cika ɗakin har baranda. Na sa kowa ya leƙa tsakiyar gilashin ya faɗi hukuncinsa. Duk suka ce daji. Sannan na nuna musu taga.

Yanzu ga layin da za ka karanta a tsakar gida, da duk ƙarfin muryarka: ba daji ba ne.

Farfesa ya fitar da sabon sakamako, an aiko mini kwafi. Ya ce "bayan sake nazari." Babu benci a ciki, babu ni. Ban damu ba. Ya gyara, kuma na san manya da yawa da za su gwammace a cire ƙafar da su cire layi ɗaya daga rubutunsu.

Amma kada ka kuskura ka je masa. Ka durƙusa ka ce me? A yi haƙuri 'yata tana da ƙafa biyu? Bashi ɗaya yake bina: maganar sa hannu a tsaye, jaka a hammata. Ba don ƙarya ba ce, don a bayan idonsa na faɗa. Zan je ofishinsa in gaishe shi yadda ɗaliba ke gaida malaminta, in maimaita masa ita a gabansa. Rahotona kuwa yana nan yadda yake, ko ɗigo ba zan janye ba.

Baɗi zan sake miƙa takarduna, da ƙarin guda ɗaya. In Auta ta yarda, zan rubuta labarin cinyarta a mujallar aikinmu, ba suna, da gilashin da hotunan biyu. Ka tambaye ta, ita, ba mijinta ba. In Farfesa aka sake ba wa aunawa, sai ya zauna ya karanta. In an sake dawo mini da su, zan sake kaiwa. Ina da gwiwa ɗaya mai lafiya, ta ishe ni hawa matakalarsu.

Saura aiki. Kada ka bari kowa ya ce zai ciro ƙullutun yanzu don ya huce haushi. Ɗanye ne, in an taɓa shi dawowa yake. A bar shi ya nuna, wataƙila ma ya ragu da kansa. Ta ci gaba da zuwa asibiti duk ranar da aka ba ta, ba ranar da dangi suka ga dama ba. Ka aiko mini lambar wayarta, ina so in ji muryar matar da ta ba mutane layinta.

Kuma na san gidajenmu. Yanzu haka an kwantar da ita, an tare ta da matasai, ko ruwa ba a bari ta ɗauko. Ka shiga ɗakin ka kwashe matasan nan. Ka ce Gwaggo ta ce ta sauko ta taka ƙafar. Za ta yi mata ciwo. Ta taka.

Ƙanwarka